Tsagaggen Haƙori: Yadda Muke Yanke Shawarar Gyara ko Cirewa

Cikin masu ciwon haƙori da nake gani, babu mai sa ni dogon tunani kamar wanda haƙorinsa ya tsage. Mai kogo da shaidarsa yake zuwa, kana leƙawa ka ga rami. Shi kuwa wannan zai ce idan ya tauna abu mai tauri sai zafi ya harbe shi ya wuce nan take, kuma sau da yawa ba lokacin da ya danna ba, sai ya saki. Ka ce ya nuna maka haƙorin, ya dafa kumatu ya ce "nan wajen dai." Ka ɗauki hoton X-ray, ya fito fes, domin tsagar siririya ce, kuma yawanci daga gaban haƙori zuwa baya take bi, inda hoton ba ya kama ta. Tun 1964 wani likita mai suna Cameron ya raɗa wa wannan yanayi suna, amma har yau hannu da ido ne ke gano shi.

Wata Hajiya mai sayar da abinci ta zo mini wata rana. Ta ce tun da ta ci karo da tsakuwa a shinkafa da wake, watanni ke nan, ɓangare ɗaya take tauna. Turmin ƙasa na can baya nake zargi, don su ne suka fi tsagewa, ga shi kuma yana ɗauke da tsohon ciko babba. Na ɗora ɗan roba a kan tsinin haƙorin ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ta cije ta saki. A tsini na uku ta zabura ta riƙe mini hannu. Na haska fitila ta gefe, haske ya ratsa rabin haƙorin ya tsaya cak, ɗaya rabin ya yi duhu.

"Likita, ka cire shi kawai in huta," in ji ta.

"Hajiya, ki yi haƙuri mu ji ta bakin jijiyar tukuna."

Na taɓa haƙorin da auduga mai sanyin gaske. Ta ji zafi, amma ina ɗagewa ya lafa. Ma'anarsa jijiyar ta fusata ne kawai, tana iya farfaɗowa. Da zafin ya zauna yana zugi bayan na ɗauke audugar, ko yana tashinta cikin dare, da sai a cire jijiyar kafin komai.

Gwajin da na fi ba wa muhimmanci shi ne wanda marasa lafiya suka fi rainawa. Wani siririn ƙarfe ne mai alamun milimita, ana zagaya haƙori da shi ana auna zurfin dasashi. A lafiyayyen baki milimita 2 ko 3 yake shiga. Idan kana tafiya lafiya sai ya zurma a wuri ɗaya tak, to tsagar ta gangara saiwa, ƙwayoyin cuta sun bi ta sun ci ƙashi. Daga nan duk kuɗin da za a kashe, da wuya haƙorin ya daɗe. Na Hajiya bai wuce 3 ba ko'ina. Sai na fasa tsohon cikon, na shafa shuɗin rini, layin ya fito sarai: ya tsallaka bango ɗaya, bai kai ɗayan ba.

Ƙungiyar ƙwararrun likitocin jijiyar haƙori ta Amurka ta kasa tsagewa gida 5, daga zanen da ke saman farin ɓawo kawai, wanda kusan kowane babba yake da shi kuma ba a taɓa shi, har zuwa haƙorin da ya rabe biyu da wanda tsagarsa ta faro daga saiwa. Na farko da na ƙarshe ba su da gardama. A tsakiya ne ƙwararru ke saɓani. Mai aikin jijiya yana so ya buɗe ya duba da madubin ƙara girma ko tsagar ta ratsa ƙasan ɗakin jijiya. Mai sa hular haƙori, wato murfin da ake kifa wa haƙori ya rufe shi gaba ɗaya, tambayarsa ita ce, bangon da ya rage zai iya riƙe hula? Wasu kuma suna cewa a cire jijiyar tun farko kada a yi aiki biyu. Ni ban bi wannan ba. Haƙori mai rai ya fi mini daraja, kuma binciken likitocin haƙori Krell da Rivera na 2007 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar ne na irin waɗannan haƙoran suka buƙaci cire jijiya cikin wata 6 bayan an sa musu hula. Huɗu ke nan suka tsira da jijiyarsu.

Wannan lissafin nake faɗa wa mutum kafin ya biya ko sisi, da kuma cewa haƙori ba ya haɗewa yadda karaya ke haɗewa. Hula ɗaure shi take yi, ta hana kowace tauna ta zama gatari a bakin faskare. Hajiya ta amince. Na rage tsayin haƙorin, na sa mata hular wucin gadi, na ce ta je ta ci abinci da shi. Da ta dawo bayan makonni babu ƙorafi, muka sa ta dindindin. Na lura sauran turamenta sun suɗe, alamar tana cizon haƙora cikin barci, don haka na yi mata robar da za ta riƙa kwana da ita.

A satin ne kuma wani matashi ya zo, wanda ya saba buɗe kwalbar lemo da haƙori. Ciwonsa bai kai na Hajiya ba, don jijiyar ta riga ta mutu, har yana cewa ciko kawai yake so. Ƙarfen awo ya zurma milimita 8 a wuri ɗaya, da na ɗan taɓa sai ɓangarorin biyu suka motsa dabam-dabam. Na ba shi madubi ya gani da idonsa, muka cire shi a ranar.