Lissafin dokin Rano a Guangzhou

Ranar da maigidana na Kantin Kwari ya ce in koma Guangzhou ta ƙasar Sin da zama, in riƙa duba masa kaya kafin a loda su a kwantena, biro na ɗauka na kasa kuɗin wata kashi huɗu: haya, ci, mota, waya. Har da ɗan rara na gani a ƙasa. Ashe lissafin dokin Rano na yi.

Tun a haya aka fara zare mini ido. Mai gidan hayar ya ce sai na ajiye kuɗin wata biyu a hannunsa, in biya na wata ɗaya, dillali kuma ya karɓi rabin wata. Ban ko shimfiɗa tabarma ba hayar wata uku da rabi ta tafi. Ɗakin yana kusa da Sanyuanli, cikin irin tsofaffin ƙauyukan nan da birni ya haɗiye, inda benaye ke matse har kana iya miƙa wa maƙwabci hannu ta taga. Araha ce ta ja ni. Abin da ban tambaya ba shi ne kuɗin wuta, don mitar ta mai gida ce, shi ke yanka farashi, sama da na hukuma nesa ba kusa ba. Zafin garin kuwa ba irin na Kano ba ne. Laima ce, gumi ba ya bushewa, fanka sai dai ta juya maka shi. Daga Mayu zuwa Satumba na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Da takardar Yuli ta zo, sau biyu na ƙirga sifilin.

Sufuri bai taɓa damuna ba, jirgin ƙarƙashin ƙasa daga yuwan 2 (kuɗin Sin) yake farawa.

Ciki ne ya so kai ni ƙasa. Watan farko kullum ina Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka ke taruwa, ina bin tuwo da miyar kuka, malmala ɗaya a kuɗin kwano uku na taliyar Musulmin Lanzhou, masu koren allo a ƙofa. Kewar gida nake saye, ba abinci ba. Daga baya na sayi tukunyar shinkafa ta lantarki, duk mai zuwa daga Kano kuma na ɗora masa kuka, daddawa da yaji.

Sai baƙi. Afrilu da Oktoba ake baje kolin Canton, babban baje kolin kayayyaki na garin, otal-otal su yi tashin gwauron zabi, wayata ta fara ruri: "Alhaji, ai ɗakinka ya ishe mu, kwana biyar ne kacal." Wa zai ce wa ɗan unguwarsu a'a? Da sabuwar shekarar Sinawa kuma, a Janairu ko Fabrairu, masana'antu su rufe na makonni, la'ada ta tsaya cak, haya ba ta tsaya ba.

Bayan an saki naira kasuwa ta yanka mata farashi a Yunin 2023, abin da ake turo mini ya riƙa narkewa kafin ya iso. Na kira maigidana na Kantin Kwari na ce, "Ranka ya daɗe, a yanka mini da yuwan." Ya yi shiru, ya ce zai duba. Sai da aka yi wata biyu ya yarda. Yanzu duk la'adar da ta shigo, kashi ɗaya cikin biyar nake turawa wani asusu daban, ba na taɓa shi sai Yuli da Fabrairu.