Tsutsar ciki na je kashewa, maganin kaska ya kashe mini 'ya'yan kyanwa

A Damagaram idan ragonka ya ƙi cin harawa, kafin ka kai bakin titi mutum uku sun faɗa maka maganin da za ka ɗura masa. Amma ka ce kyanwarka ce ba ta da lafiya, sai a bushe da dariya, a ce ai kyanwa ita ke yi wa kanta magani. Wannan zance shi ya sa ba wanda ya damu ya san abin da jikinta yake ɗauka da wanda ba ya ɗauka, har masu sayar da maganin dabbobin su kansu. Ni kuwa hatsi nake sayarwa, gero da dawa da wake, kuma duk mai mangaza ya san abin da ɓera yake yi wa buhu a dare ɗaya. Kyanwata ma'aikaciya ce, cin abincinta halal.

Da ta haihu na mayar da ita gida tare da 'ya'yan. Sun fara tasawa ke nan sai na ga cikinsu ya yi tulu, haƙarƙari a waje, gashi duk ya yamutse. Wata safiya ɗaya ya yi amai, ga tsutsa fara doguwa tana murɗawa a ciki. Likitan dabbobin da na kai wa su, wani dattijo mai haƙuri, ya ce, "Alhaji, ba a ƙasa suka tsince ta ba, a nonon uwarsu suka sha ta." Ya ba su pyrantel gwargwadon nauyin kowanne, ya ce a maimaita bayan sati 2, domin maganin wadda take cikin hanji kawai yake kamawa, ƙananan da suke yawo a jiki sai sun iso tukuna. Wannan ya tafi lafiya lau, ba ni da abin cewa a kai.

Damuwar daga uwar ta taso. A gindin wutsiyarta na riƙa ganin wasu abubuwa farare kamar ƙwayar shinkafa, suna miƙewa suna tsukewa a hankali. Haka a kan buhun da take kwana, sai dai waɗannan sun bushe sun koma ruwan ɗorawa. Mai sayar da abinci ya ga irin wannan a kan buhunsa, ai barci ya ƙaurace masa. Likita ya ce tsila ce, gaɓoɓinta ne suke yankewa suna fita cike da ƙwai, kuma pyrantel ba ya taɓa ta ko kaɗan. Nata maganin daban ne, praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin kyanwa. Aka ba ta, abin ya ɓace. Wata bai cika ba ya dawo.

A nan ne ya nuna mini abin da har yau nake mamaki. Ya jiƙa farin ƙyalle ya shimfiɗa a kan tebur, ya ɗora kyanwar, ya sa mataji mai ƙananan haƙora ya bi bayanta daga wuya zuwa wutsiya. Wasu baƙaƙen ɗigo suka zubo. Muna kallo, kowane ɗigo ya fara narkewa yana barin ja a jikin ƙyallen. Ya ce, "Ka gani? Kashin ƙuma ne, jinin kyanwarka ne da ta sha." Tsutsar ƙuma tana cin ƙwan tsila a ƙasa, tsilar ta zauna a jikinta har ta zama cikakkiyar ƙuma. Kyanwa tana lasar jikinta ta haɗiye ƙumar, cikin sati 2 zuwa 3 sabuwar tsila ta girma ta soma zubar da gaɓoɓi. Wato muddin ƙuma tana gidan, ko kullum kake ba da maganin tsila aikin baban giwa kake yi. Akwai kuma wata tsilar da ake samu ta cin ɓera, ita ma praziquantel ke kashe ta.

Ya rubuta mini maganin ƙuma, fipronil, wanda aka yi domin kyanwa. Na zaga shagunan maganin dabbobi, na shanu da tumaki da kaji ga su nan har rufi, na kyanwa babu. Sai aka kwatanta mini wani mai baza kaya a ƙarƙashin rumfa a wajen da ake cinikin dabbobi. Na miƙa masa takardar, ko dubawa bai yi sosai ba. Ya ce, "Alhaji, bar wahalar da kanka. Ga wanda yake sauke kaska daga jikin saniya, balle ƙumar kyanwa." Na ce masa akwai ƙanana. Ya ce ai ƙanana sun fi buƙata, in ɗan sirka da ruwa in shafa musu a baya. Ya tsiyayo mini a wata kwalbar da ba ko rubutu a jikinta.

Bayan la'asar aka shafa. Kafin isha'i kunnuwan uwar sun fara karkarwa, fatar bayanta tana motsi ita kaɗai, miyau yana zuba. 'Ya'yan kuwa sun kasa tsayuwa, sai faɗuwa suke suna shure-shure, jiki zafi zau. Maƙwabta suka taru, wannan ya ce a ɗura nono, wancan ya ce man gyaɗa. Na kira likita, ya ce kada a kuskura a zuba musu komai a baki, dabbar da take jijjiga shaƙewa take yi abin ya wuce huhu. A wanke su da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwano, a tsane su, a kawo yanzu. A kan kabu-kabu na kai su cikin kwali. Ya yi wa uwar allurar kwantar da jijjiga da ƙarin ruwa, ta rayu, ɗa guda ma ya rayu. Sauran ba su ga asuba ba. Ƙaramar 'yata, wadda ta raɗa wa kowannensu suna, ita ta fi kowa shan kuka.

Na koma wurin mai rumfar na ce ya nuna mini babbar kwalbar. Cypermethrin aka rubuta. Shi da ɗan'uwansa permethrin suna cikin maganin kaska da na feshin ƙwari da yawa, har da wasu na ƙumar kare. Saniya da tunkiya da kare hantarsu tana iya sarrafa shi. Hantar kyanwa tana da ƙarancin sinadarin da ke wannan aiki, sai gubar ta taru ta bugi jijiyoyi, kuma ba ta da makari, sai dai a yi ta tallafar dabbar har jiki ya fitar da ita. Da na gaya masa abin da ya faru, sai ya kaɗa kai ya ce, "Ƙaddara ce, Alhaji." Na yarda da ƙaddara. Amma mutum ya zauna yana sayar da guba bai san dabbar da take kashewa ba, kuma a tambaye shi ya amsa da gadara, wannan ganganci ne. Da ya ce mini bai sani ba, da na juya na tafi.

Irin wannan raunin hanta shi ya sa paracetamol, wanda ke cikin kowane gida, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Haka manyan ƙwayoyin albendazole da ake ɗura wa raguna kafin Layya: an auna su ne da dabbar da ta ninka kyanwa nauyi sau goma, kuma shi kansa maganin yana iya lalata ɓargon kyanwa. Na ji mutane suna cewa ai sai a ɓantari kaɗan. Kaɗan nawa? Kyanwa babba kilo 3 zuwa 4 ce kawai, ɗanta ɗan wata guda bai fi rabin kilo ba. Yanzu ni kafin kowane magani sai na sa ta a kwando na ɗora a kan sikelin mangaza, in cire nauyin kwandon, in karanta wa likita a waya, shi ya faɗi adadin.

Tsarin da nake bi ba wuya gare shi ba. 'Ya'ya ana fara musu tun suna sati 3, a riƙa maimaitawa duk sati 2 har a yaye su, daga nan wata-wata har su cika wata 6, uwar ma a ba ta tare da su. Babba aƙalla sau 4 a shekara, mai farauta irin tawa kuwa likita ya ce a matso da shi kusa-kusa, tunda ba zan hana ta cin ɓera ba, shi ne ma aikinta. Ƙwayar da ta haɗa pyrantel da praziquantel nake nema, ta ɗauke doguwar tsutsar da tsila duka biyun har da ƙananan tsutsotsi masu tsotsar jini a hanji, waɗanda suke sa dasashin kyanwa ya yi fari fat. Ba da ita ne sai an koya. Ina naɗe ta da zane kai kaɗai a waje, in ɗaga haɓarta sama, in danna gefen baki, in jefa ƙwayar can bayan harshe, in rufe bakin ina shafa maƙogwaro har ta lashi hancinta. Idan ta tauna, ɗacin yana sa ta kumfar baki na ɗan lokaci. Bayan abin da na gani a wancan dare, kumfar farko sai da ta tsinka mini zuciya, amma wannan ba ya zuwa da karkarwa kuma nan da nan yake wucewa.

Ita kuma ƙuma, wadda ake gani a jikin kyanwa kaɗan ce. Yawancinta ƙwai ne da tsutsa a cikin tsummokara, ƙarƙashin tabarma, tsagar daɓe, inda inuwa da laima suke. Rana irin ta Damagaram a watan Afrilu da Mayu magani ce kyauta: a wanke shimfiɗar kyanwa a baza ta a tsakar gida, a share lungu a ƙone sharar. Da damina ne abin yake ƙaruwa, sai an ninka ƙoƙari. Feshin ƙwari kuwa na hana a yi shi a ɗakin da take ciki, sai an fitar da ita kuma wurin ya sha iska ya bushe, domin yawancinsa dangin abin da ke cikin waccan kwalba ne.

Akwai abin da ya shafi mutanen gida, kuma shi ya sa ban yarda da masu cewa ɓata kuɗi nake yi ba. Kyanwa a wurinmu ba najasa ba ce, tana hawa shimfiɗa, yara suna rungumarta. Kashinta kuma a cikin yashi take binnewa, yashin da yaran suke wasan ƙasa da shi. Ƙwan doguwar tsutsar nan yana ɗaukar 'yan makonni kafin ya nuna, daga nan ya daɗe a ƙasa mai inuwa da ransa, kuma idan yaro ya kai shi baki tsutsar tana iya yawo har hanta ko ido. Saboda haka na ware mata kwano da yashi a bayan gida, ana kwashewa kullum, tarin yashin gini an rufe shi da leda, yara kuma ba mai sa hannu a tuwo sai ya wanke da sabulu. Lokacin da uwargida take da ciki na ce kada ta taɓa kwanon nan, saboda wata ƙwayar cuta, toksoplasma, mai iya cutar da ɗan tayi, wadda maganin tsutsa ba ya kashewa. Kyanwa tana samun ta ta ɗanyen nama da ɓera, shi ya sa ko da Layya kayan ciki sai an dafa nake ba ta.

Fipronil ɗin daga Kano wani direba da muke hulɗa yake sayo mini, a kwalinsa, da hoton kyanwa da ranar ƙarewar aiki, kuma sai likita ya duba kafin in buɗe. Abin da ya rage mini yanzu muzurun unguwa ne, masu tsallako katanga da dare su bar mana ƙumarsu. Maƙwabta biyu sun yarda mu riƙa haɗa kuɗi ana yi wa kyanwoyinmu a lokaci guda. Na uku ya ce zai je wurin mai rumfar nan, nasa ya fi araha. Na kai shi har gida wurin likita domin ya ji daga bakinsa.