Na Gyara wa Hitler Gashin Baki a Kan Dandamali

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ƙarama ce, yawancinmu ɗalibai ne a Jamus, ba mai karɓar ko sisi. Bara muka ɗauko wasan George Tabori mai suna Mein Kampf, wanda aka fara nunawa a Viyana a 1987. Tabori Bayahude ne, haifaffen Budapest a 1914, kuma a sansanin 'yan Nazi na Auschwitz aka kashe mahaifinsa. Da wannan ciwon a ransa ya zauna ya rubuta wasan barkwanci a kan Hitler.

A wasan, Hitler saurayi ne mai shegen surutu da ya zo Viyana neman makarantar zane-zane, wadda a zahiri ta ƙi ɗaukarsa a 1907 da 1908. Ya sauka a gidan kwanan talakawa, inda wani Bayahude mai tallan littattafai, Shlomo Herzl, ya riƙe shi hannu bibbiyu. Ni, baƙar fata kuma Musulmi, aka ba rawar Herzl, abin da aka yi ta muhawara a kai kafin a amince.

Inda na fi shan wuya shi ne wurin aski. Herzl ne ke taje wa yaron gashi gefe guda, ya rage masa gashin baki har ya koma ɗan guntun nan da duniya ta sani. Mai ba da umarni ta hana ni nuna ko alamar cewa na san abin da zai biyo baya. Ta ce in yi shi da ƙauna, yadda zan gyara ƙanena ranar sallah. Haka na yi: almakashi a dama, hagu na riƙe haɓarsa, ina ɗan hure gashin da ya zubo masa a leɓe. 'Yan kallo suna ta ƙyaƙyatawa. Da na matsa gefe suka ga fuskar, dariyar ta maƙale musu a wuya.

A nan na gane cewa aikin ɗan wasa shi ne lura da wanda dariyar ke faɗa wa. Wani abokin aikinmu ya so in riƙa tafiya a duƙe ina murza hannuwa, wai zai fi ban dariya. Wata dattijuwa Bayahudiya da ke zuwa kallon gwajinmu ta tuna mana cewa da wannan siffar jaridar 'yan Nazi, Der Stürmer, ta riƙa zana Yahudawa. Muka watsar. Herzl yana da nasa barkwancin, na mutumin da ke gardama har da Ubangiji, bai buƙaci a mai da shi abin tsokana ba.

Sai kazar Herzl, Mitzi, da yaran Hitler ke yankawa su soya a gabansa, ana karanto yadda ake girkin cikin natsuwa. Ni da na tashi ina fige kaji, sai a gaban Jamusawa na ji nauyin wurin. Su tanderun sansanonin Nazi da aka ƙona gawarwakin Yahudawa a ciki suke gani.

Dokar Jamus ta haramta alamar Nazi, amma ta yi sassauci ga zane da wasan kwaikwayo. Duk da haka ba mu sa ta ko a tufa ɗaya ba. A 2018 gidan wasa na garin Konstanz a Jamus ya buɗe wannan wasan ranar 20 ga Afrilu, ranar haihuwar Hitler, da tayin shiga kyauta ga wanda ya yarda ya ɗaura alamar. A ganina neman suna ne. Surutun ya koma kan tikiti, aka manta da Herzl.