Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Da Na Nemi Jin Bakin Likita na Biyu

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda aka fara ɗaura mini jan ruwan nan na maganin kansar mama a asibitin kuɗi, kuma da yawanku kun tambaya me ya raba ni da wurin. Yau shi zan faɗa, ko da za a kai wa Yaya Hajiya, don na san akwai masu karanta mata.

Inna, Allah Ya jiƙanta, tana da maganar da ba ta rabo da bakinta: matambayi ba ya ɓata, sai dai asirinsa ya tonu. Muna yara a Tudun Wada, in ta aike ni Kasuwar Barci sayen yadi, sai na ji farashi a rumfuna daban-daban kafin in miƙa kuɗi, in ba haka ba da ƙafata zan mayar. In na ce ai za a gane kuɗinmu kaɗan ne, sai ta ce a gane ɗin, wa ya taɓa mutuwa don an san aljihunsa? Ba ta ga wannan ciwo nawa ba, ta riga ta kwanta dama da daɗewa, amma ita ce ta fitar da ni daga asibitin nan.

Farkon 2022 ne. An yanki tsoka daga ƙullutun da ke mamana na hagu, sakamako ya dawo an ce kansa ce. Likitan ya ce kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, za a fara, daga baya a cire maman gaba ɗaya. Jan ruwan sunansa doxorubicin, ana haɗa shi da wani wai shi cyclophosphamide, duk bayan kwana 21. Wanda bai sha ba bai san shi ba. Ranar farko da na zaga na ga fitsarina ya yi ja sai da na yi salati, na zaci jini ne, ashe launin maganin ne, ba wanda ya gaya mini. Kafin zagaye na biyu gashi ya fara bin mataji. Wata safiya na tashi na tarar da kitson da aka yi mini ya rabu da fatar kai ta gefe ɗaya yana lilo, na sa hannu na ɗaga shi ya taho gaba ɗaya ba zafi. Na naɗe shi a tsumma na sa Auta ta binne a bayan ɗaki. Baki ya yi gyambo, ko kunu sai ya huce sarai nake iya kurɓa, ƙamshin suyar albasa daga maƙwabta kuwa sai ya sa ni amai.

Duk wannan na ɗauka, ai ciwo ne, kuma an ce magani ne. Abin da ya tsaya mini a rai bayana ne. Tun kafin a ga ƙullutun nake fama da ciwon ƙashin baya, wanda ba ya lafawa ko na kwanta, ya ma fi tsananta da dare. Duk zuwa sai na faɗa, duk faɗa sai likitan ya ce, "Hajiya, shekaru ne da jiki, ki rage nauyi." Bai taɓa cewa a yi hoto ba.

'Yar ƙanwata da ke aikin jinya ce ta zo gaishe ni, ta karɓi takarduna tana dubawa, ta jima ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Umma, ina sakamakon gwajin homon? Ina hoton ƙashi da na ƙirji da ciki? An duba zuciyarki kafin a sa miki jan nan?" Na ce ban san su ba. Ta ce to lallai mu je Shika, asibitin koyarwa na Zariya, a sake dubawa.

Nan fa aka yi ta. Yaya Hajiya, wadda tun rasuwar surukata ita ce uwa a wurin Malam, ta zo har falona ta zauna ta yi kicin-kicin da fuska. Dama tun farko ba ta so aka je asibiti ba, ita a wurinta daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ya fusata ke nan. Da ta ga ba ta yi nasara a nan ba sai ta koma kan ɓoyo. Ta ce asibitin kuɗi da rufin asiri, ka shiga ɗakinka ka fito ba wanda ya gan ka. Shika kuwa duk Arewa ce ke taruwa a kan benci, ba za a yi mako ba sai an ji a Tudun Wada, a ji a Unguwan Sarki wajen dangin yaron da ke neman Auta. Ta ce, "Ke ba ki tunanin 'ya'yanki mata? Wa zai ɗauki 'yar mai daji?" Ta ƙara da cewa yawon likita zuwa likita rashin tawakkali ne, kuma raina mutumin da ya karɓe ni ne. Wannan ta rashin tawakkali ita ce har yau ba ta bar ƙirjina ba. Ni da na binne 'ya'ya biyu ban ɗaga murya ba, ni za a koya wa tawakkali?

Malam bai tanka ba sai da ta tafi. Bayan isha ya shigo ya ce, "Annabi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Ki shirya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma a zamanmu kaf ban san wata magana tasa da ta fi wannan nauyi ba.

Karɓo kayana daga asibitin farko sai da aka kai ruwa rana. Abu uku muka nema: takardar turawa mai bayanin maganin da aka ba ni da yawansa, sakamakon gwajin tsoka, da ita kanta tsokar. Ban taɓa sanin ana ajiye ta ba. Ashe daskarar da ita ake yi a cikin kaki, ɗan abu da bai kai kwalin ashana ba, da lamba a jikinsa, kuma da shi ake sake gwaji ba sai an ƙara yanka mutum ba. Likitan ya ɓata rai, ya ce in ban yarda da shi ba me ya kawo ni tun farko. Yau a ce mai makulli ba ya nan, gobe a ce a dawo. Na ce masa, "Likita, ban raina ka ba, amma naman jikina ne." Wallahi a lokacin Inna nake ji a kunnena. Duk wadda ke karanta wannan ta sani, waɗannan abubuwa haƙƙinta ne, kuma likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin a ji bakin wani.

Bayan ƙaramar Sallah muka hau mota a Kawo, muka wuce Maraban Jos da Jaji, muka ratsa Kwangila da Samaru har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Gaskiyar Yaya Hajiya ɗaya ce, bencin cike yake, kuma kafin azahar na haɗu da matar da muka yi aikin koyarwa tare. Asiri ya tonu. Ta kama hannuna muka yi kuka, ta nuna mini inda ake biyan kuɗi da inda ake ɗibar jini.

Kada wani ya zaci likita na biyu albishir ya yi mini. Da hotuna suka fito, abin da ya faɗa ya fi na farko ɗaci. Ciwon ya riga ya kama ƙashin baya da ƙugu, mataki na huɗu ke nan. Ya ce, "Mama, ba zan ce miki za mu raba ki da shi ba. Aikinmu mu danne shi, mu rage miki zafi, ki daɗe kina harkokinki." Ya ce tunda ya bazu, cire mama ba shi ne abin gaggawa ba. Ya ce jan ruwan nan magani ne na gaske, ba laifi ba ne a ba da shi, amma yana da iyakar da mutum zai sha a duk rayuwarsa saboda yana raunana zuciya, shi ya sa ake hoton zuciya kafin a fara, kuma shi ya sa ya dage sai ya san nawa aka riga aka ba ni.

Sai ya jawo takarda ya zana mini abin da ba wanda ya taɓa zana mini. Kansar mama ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda homon ɗin mata ke ciyar da ita, ita ana iya toshe mata abinci da ƙwaya, tamoxifen ko letrozole, ita ta biyun ga wadda al'ada ta ɗauke mata. Akwai mai alamar da suke kira HER2, kusan mace ɗaya cikin biyar, tana da maganinta na musamman, trastuzumab, wanda aka fara amfani da shi a Amurka tun 1998, sai dai tsada. Akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya, ita kemo ne babban makaminta. Gwajin ɗan kakin nan ne ke faɗin wacce ce taka. Tawa ta fito mai cin homon ce, ba HER2. Tunda a ƙashi kawai take, ba ta taɓa hanta ko huhu ba, ya ce a ajiye kemo tukuna a fara da ƙwaya. Ƙwaya ɗaya a rana! Na kalli 'yar ƙanwata, na shafa ɗankwalina da ba komai a ƙarƙashinsa.

Ya ambaci wani maganin da ake haɗawa da letrozole ya ƙara masa ƙarfi, palbociclib, ya faɗi kuɗinsa na wata, muka yi shiru duka. Bai matsa ba. Aka sa ni kan letrozole, da ƙarin ruwa na ƙarfafa ƙashi mai suna zoledronic acid, wanda sai da aka duba haƙorana da ƙodata kafin a fara. Don ciwon bayan kuma aka tura ni Babban Asibitin Ƙasa na Abuja aka gasa wurin da na'ura. Ta mota muka je muna addu'a tun daga Kakau, don jirgin ƙasa na Rigasa a tsaye yake tun harin 28 ga Maris, bai dawo ba sai Disamba. Bayan gashin nan ne na sake yin sujada da goshina a ƙasa, bayan na daɗe ina salla a kujera.

Na tsallake zuwa bikin Auta, don zuciyata ba za ta bari in jira ba. An ɗaura shi a 2023. Uwar angon da kanta ta zo duba ni tun kafin a sa rana, da kwanon farfesu, ta ce yayarta ma da ciwon ta rasu, ba su san ana zuwa Shika ba. Yaya Hajiya na zaune a wurin. Ban kalle ta ba, ita ma ba ta kalle ni ba. Kuma da mun ɓoye kamar yadda ta so, da 'ya'yan nawa da take cewa tana karewa ba su san cewa 'yar mai wannan ciwo ta fi sauran mata buƙatar a riƙa duba ta da wuri ba. Yanzu ta farin da ƙannenta duk suna zuwa. Inna ta ce asiri zai tonu, ba ta ce zai kashe mutum ba.

Letrozole ta riƙe ni, da ciwon gaɓoɓinta da zufar dare, har cikin 2024 da hoto ya nuna tabo a hanta. Nan kemo ya dawo, amma wannan karon zama aka yi da ni. Likita ya ce a mataki na huɗu an fi son a ba da magani ɗaya, in ya gaji a koma wani, ba a tara su ba sai in ciwon na gudu ne yana neman hana hanta ko huhu aiki. Ya ajiye mini biyu. Paclitaxel, ƙarin ruwa duk mako, yana zubar da gashi, yana kuma sa yatsun hannu da na ƙafa su yi dindiris, wani lokaci ba su dawowa daidai. Ko capecitabine, ƙwayoyi safe da yamma bayan cin abinci, kwana 14 ana sha, kwana 7 a huta, ita kuma tafin hannu da na ƙafa take ci, ga gudawa. Ya ce, "Mama, wanne za ki iya zama da shi?"

Na zaɓi ƙwaya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin motar Zariya ya zama abin da ake lissafawa, zuwa duk mako da ɗan rakiya ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ina son in riƙa jin carbi a yatsuna. Tafin hannuna ya yi baƙi har mutane na zaton lalle na sa, fata na ɓarewa, dare da rana ina cikin shafa mai. Ran nan a banki na ɗora babban yatsa a na'ura ta ƙi ganina, yarinyar ta goge gilashin ta ce in sake, ta ƙi. Zanen yatsan ne ya shafe. Da na gaya wa likita ya ce sananne ne da wannan magani, ya rage mini yawansa, ya rubuta mini takardar da nake yawo da ita a jaka. Ya kuma ja mini kunne, duk ranar da zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki ina cikin shan kemo kada in ce maleriya ce in aika kemis, asibiti zan nufa ko da tsakar dare, don sojojin jini na iya yin ƙasa.

Yaya Hajiya ta aiko mini da ruwan Zamzam da Sallar bara, na sha, na sa aka yi mata godiya. Har yau ba ta janye maganar tawakkalin nan ba, ni kuma ban manta ba. Matan da ke zuwa gidana a ɓoye yanzu, wasu ma daga danginta, kowacce da ledar takardu a ƙarƙashin hijabi, abin da nake fara tambayarsu shi ne ko an yi gwajin homon, kuma ina tsokar take.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo yadda muka cike takardun asusun tallafa wa masu kansa da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2021, wanda Shika na cikin asibitocin farko da aka fara da su, da kuma yadda aka yi da filina na Rigasa.