Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙarfen da Ke Cikin Cinyata

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka sallame ni daga asibiti ina dogara sanduna biyu. Ƙashin cinyata ta dama ya karye ne dab da gwiwa, kuma saboda kusancin nan likita ya zura ƙarfen ta cikin gaɓar, daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ya tura shi sama ta ramin ɓargo, sannan ya ɗaure shi da kusoshi, uku a ƙasa, ɗaya a sama.

Laifin farko nawa ne. An umarce ni da zuwa gashi sau uku a mako, amma azabar lanƙwasa ƙafar ta sa na riƙa ƙin zuwa, mahaifiyata kuwa, don tausayi, kullum cewa take yi, "Ɗan nan, bar ƙafar ta huta." Kafin wata uku gwiwar ta sandare. Da aka auna, digiri 70 kawai take lanƙwasuwa, alhali zaman kujera ma yana bukatar kusan 90, balle zaman tahiya. Ranar da na fara salla a kan kujera a ƙarshen sahu, ina kallon dattijan da suka haife ni suna kai goshi ƙasa, sai da na yi hawaye.

A wata na biyar wani ƙululu ya taso a gefen gwiwar ta ciki, mai tauri kamar kan ƙusa, har ba na iya kwanciya a gefe sai na sa matashi tsakanin ƙafafuna. Hoto ya nuna ɗaya daga cikin kusoshin ƙasa ce ta sassauta ta yo baya. Likitan ya ɗaga hoton a hasken taga ya ce, "Malam, ƙashin da ke kusa da gwiwa cikinsa kamar soso yake, ba ya riƙe ƙusa kamar na tsakiyar cinya." Daga nan ya ɗora yatsa a kan wani siririn layi baƙi, ya ce karayar ba ta gama haɗewa ba, ya kuma tambaye ni ko ina shan taba, domin tana jinkirta warkewar ƙashi. Na sunkuyar da kai.

A gida kawuna yana jirana da maganar wani mai ɗori, wadda zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.