Gano yaron da karatu ya bari a baya

A yawancin azuzuwan firamare ɗaya da biyu da na shiga, karatu da amshi ake yinsa. Malama ta nuna allo da sanda, yara su ɗauka baki ɗaya: "ba, be, bi, bo, bu." A cikin wannan amo, yaron da bai san ko harafi ɗaya ba yana iya ɓuya har zango ya ƙare, domin bakin maƙwabcinsa yake bi, ba allon ba.

Shi ya sa na fi yarda da gwajin yara ɗai-ɗai. Gwajin EGRA na auna karatun yaran ƙananan azuzuwa, wanda cibiyar bincike ta RTI da ke Amurka ta tsara a 2006 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, an gudanar da shi da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato. Ana miƙa wa yaro takarda mai haruffa 100, a ba shi minti ɗaya ya furta sautinsu, idan kuma bai samu ko ɗaya ba a layin farko, sai a dakata a gode masa ba tare da an kunyata shi ba. Sashen da na fi so shi ne na ƙirƙirarrun kalmomi marasa ma'ana, irin su "lomu", domin hadda ba ta ceton yaro a nan, sai ya haɗa baƙi da wasali da kansa. A Ingila ma, tun 2012 ake gwada 'yan aji ɗaya da kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru.

Sai dai gwajin da ya ƙare a cikin fayil ɓata lokaci ne. Dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda aka gwada a Borno da Kano, ita ce a raba yara bisa matakin karatunsu maimakon ajinsu, masu harafi daban, masu gaɓa daban, a riƙa zama da su kullum.

A rubutunmu, tuntuɓe ya fi yawa a wuraren da aka sani: b da d, ɓ da ɗ, k da ƙ, sai tagwayen baƙaƙe kamar ts, sh da ƙw. Ni nakan rubuta "kafa" da "ƙafa" a kwali biyu, in furta ɗaya in ce, "Amina, ɗauko min wadda kika ji." Idan makonni suka shuɗe yaro bai motsa ba, kafin a ce masa daƙiƙi a fara matso da shi gaban allo, sannan a roƙi iyayensa su kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa.