Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Talatar da Aka Hana Ni Ƙarin Ruwa

Makon jiya na tsaya a inda ake shirya ni don gashin sankara, wato ƙona ciwon da hasken na'ura a asibiti, aka yi mini ɗigon tawada uku a fata, ɗaya ƙasan cibiya, biyu a kwatangwalo. Da su ake saita ni kullum a kan gadon na'ura, don hasken ya sauka daidai inda ya sauka jiya. Shekarata ashirin ina auna yadi a Kantin Kwari, amma ban taɓa ganin masu ƙwaƙwar awo irin masu gashin nan ba.

Abin da aka rubuta mini Gire 45 ne, wato ma'aunin hasken, aka raba shi gida 25. Kullum 1.8, Litinin zuwa Juma'a. Kafin in shiga sai na sha ruwa na riƙe fitsari, saboda idan mafitsara ta cika tana ture hanji gefe, haske ba ya samunsa sosai. Wallahi riƙon fitsarin ya fi gashin wuya. Shi gashin ba a jin komai, sai ƙugin na'ura tana zagaya mutum.

Kowace Talata kuma akwai ƙarin ruwa, da wani magani sisfilatin. Aikinsa ya karya lagon sankarar don hasken ya fi cinta. Da tsayin mutum da nauyinsa ake lissafa abin da za a ba shi, kuma ba a sawa sai an ɗebi jini ranar Litinin.

A mako na uku, ina zaune a benci da filas ɗin kununa, na har naɗe hannun riga, sai nas ta ce likita na nemana.

"Hajiya, yau ba za mu sa miki maganin ba."

Raina ya yi mugun ɓaci. 'Yan kunnena na gwal na sayar na biya kuɗinsa. Allah ya yafe mini, har na raya a zuciyata cewa wata mai hanya za a bai wa.

Sai ya juyo da takardar gwajin, ya ɗora biro a kan wani layi. Ya ce wannan kiriyatinin ne, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, kuma nawa ya hau fiye da na makon da ya wuce. Ta ƙoda maganin ke fita, ita kuma yake wahalarwa. Idan ta yi sanyi, sai ya daɗe a jiki, awon da ya dace da ni makon jiya ya zama ya yi mini yawa yau. Ga haske kuma yana aiki a kan hanji da ɓargo, abu biyu su haɗu a kan jiki ɗaya.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Tsakaninki da Allah, me kike sha a gida?"

Na sunkuyar da kai. 'Yata da ta rako ni ta zungure ni da gwiwar hannu.

Gaskiyar magana, Yaya ta kawo mini jarkar jiƙo daga wani mai magani a cikin gari, baƙi wuluk, ɗaci kamar maɗaci. Kwana goma ina shan kofi safe da dare. Ga diklofenak da nake aika yaro kyamis ya sayo mini saboda ciwon mara. Ga amai, ga zafin Afrilu na Kano, ruwan ma ƙin zama yake yi a cikina.

Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Ya ce ba zai rantse jiƙon ne ba, don rashin ruwa a jiki da ƙwayar kyamis ɗin ma sun isa su taɓa ƙoda. Amma in ajiye duka biyun, in sha ruwa sosai, a sake gwaji.

Na ce, "To Likita, gashin ma a dakata kenan?"

Ya ce ko kusa. Da gashin waje da ake yi mini yanzu, da na cikin jiki da za a yi daga baya, so ake a gama cikin mako 8, domin duk ranar da aka tsallake dama ce aka bai wa ciwon ya sake tofo. Ranar zundurma-zundurman ledojin ruwan gishiri biyu kawai aka ɗura mini, na wuce ɗakin na'ura.

Da yamma Yaya ta zo. Na daɗe ina kame-kame kafin na ce, "Yaya, likita ya ce a ɗan jingine jiƙon nan."

Ta gyara mayafi. "Mu da aka raine mu da shi, ga mu nan ba mu mutu ba." Ta ɗauki jarkarta ta fita ko sallama babu. Kwana uku ba ta ɗaga wayata ba, mu da tun rasuwar Inna ita ce uwata.

Litinin ta gaba ƙodar ta dawo hanya, Talata aka sa mini maganin. Amma da na hau sikeli, sai nas ta ce in sauka in sake hawa. Daga kilo 64 na koma 58. Ta ɗauki fayil ɗina ta shige wajen masu lissafin haske, ta bar ni tsaye da takalmi a hannu.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.